Tambayoyi da Amsoshi Kan Tantance Tsofaffin Kuɗin Azurfa da Sanin Ƙimarsu

Duk wanda tsohon kuɗin azurfa ya shigo hannunsa, tambayarsa ta farko ɗaya ce: nawa zai yi? Amma ba a kaiwa ga wannan amsa sai an bi ta kan wasu tambayoyin da suka riga ta. Su ne aka tattara a nan, kamar yadda masu tara tsofaffin kuɗi suka saba yin su, tun daga sabon shiga har zuwa wanda idonsa ya fara buɗewa.

Wane irin kuɗi ake nufi idan an ce na farko-farko?

Ya danganta da bakin wanda ya faɗa. A wurin matara kuɗin Amurka, ana nufin waɗanda aka buga a Filadalfiya daga 1794 zuwa wajen 1836, kafin injin tururi ya karɓi aikin bugu. A wurin mutanen Ingila, ana nufin kuɗin guduma, waɗanda aka daina yi bayan 1662. Wani kuma in ya faɗa, dirhamin Banu Umayya yake nufi, ko dinariyus na Rum, ko tsabar Atina mai hoton mujiya. Abin da ya haɗa su duka shi ne hannun mutum ya fi na'ura yawa a cikin aikinsu, saboda haka da wuya ka sami biyu da suka fito iri ɗaya sak. Wannan shi ne ya sa tantance su ya bambanta da na kuɗin zamani.

Mataki da ƙima ba abu ɗaya ba ne?

A'a. Mataki bayani ne na halin da kuɗin yake ciki: yaya ya gogu, me ya rage na zanensa. Ƙima kuwa abin da mai saye zai yarda ya biya ne. Mataki ɗaya ne daga cikin abubuwan da ke haifar da ƙima, sauran su ne ƙarancin kuɗin, yawan masu nemansa, lafiyar fuskarsa, kyansa a ido, da tarihin hannuwan da ya bi. Kuɗi biyu na shekara ɗaya, masu mataki ɗaya, ana iya sayar da ɗaya ninkin ɗayan, kuma babu wanda aka cuta.

Lambobin nan na 1 zuwa 70 da ake nuna mataki da su, daga ina suka fito?

Wani Ba'amurke mai suna William Sheldon ne ya fito da su a 1949, kuma ba don azurfa ya yi su ba, don manyan kwabban jan ƙarfe na Amurka ne. Tunaninsa a lokacin shi ne lambar ta nuna farashi kai tsaye: kwabon da ya samu 70 ya ninka wanda ya samu 1 sau saba'in. Wannan lissafi ya daɗe da rushewa, amma lambobin sun zauna, kuma a shekarun 1970 aka faɗaɗa su suka game duk kuɗin ƙasar.

Ga yadda ake karanta su a taƙaice, tare da haruffan da ke wakiltar sunayen matakan da Turanci. Daga 1 zuwa 3, kuɗin ya sude, da ƙyar ake gane shi. G, wato 4 da 6, manyan siffofi suna nan amma sun baje. VG shi ne 8 da 10, F kuma 12 da 15, inda aƙalla rabin ƙananan zane ya tafi amma rubutu ya fito sarai. VF ya kama daga 20 zuwa 35, kuma a nan ne mafi yawan tsofaffin kuɗin da suka yi kyau a hannun talaka suke faɗawa. EF ko XF, 40 da 45, goguwar ta tsaya a wurare masu tudu kaɗai. AU, daga 50 zuwa 58, saura ƙiris a ce bai taɓa yawo ba. MS, daga 60 zuwa 70, shi ne wanda babu alamar yawo a jikinsa sam.

Ka lura ba duk lamba ake amfani da ita ba, kuma tazarar farashi tsakanin mataki da mataki ba daidai take ba. A ƙasa tana tafiya sannu, a sama kuma tsalle take yi. Dillalan Turai da yawa ba su damu da lambobin ba, sunayen matakan kawai suke faɗa, kuma sun fi tsanani: abin da dillalin Ingila zai kira EF, sau da yawa a Amurka AU za a ba shi ko sama da haka.

In na ɗauki kuɗi a hannu, ta ina zan fara?

Riƙe shi ta baki da yatsu biyu, a saman wani abu mai laushi. Ka sami fitila ɗaya mai haske daga wuri guda, ka kashe sauran. Kada ka fara da gilashin ƙara girma. Dubi kuɗin da ido tsirara tukuna, ka karkata shi sannu a hankali, ka juya shi a ƙarƙashin hasken, domin abin da ido ya fara gani shi ne abin da mai saye zai fara gani. Bayan haka sai ka ɗauko gilashi mai ninki biyar zuwa goma.

Goguwa tana farawa ne daga wurare mafi tudu. A dalar Amurka ta farko, gashin da ke saman goshi da kunci da kafaɗa, a baya kuma ƙirjin gaggafa da saman fikafikai. A dinariyus, gashin sarki a saman kunne da ganyen rawaninsa. A tsabar Atina, kuncin allahiyarsu da ƙirjin mujiya. Daga nan sai ka duba filin da babu zane, inda karce da tabo suka fi fitowa. Sai baki, wanda mutane da yawa suke mantawa da shi alhali fuska ta uku ce. Dalar 1794 tana da rubutu a bakinta da ke cewa santi ɗari ne, dala ɗaya. A baki ne ake kama datsa, da wurin da aka cire maratayi, da layin haɗi na kuɗin jabu.

Yaya zan bambance goguwa da raunin bugu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan, kuma wanda ya iya ta ya iya rabin aikin. A kowane tabo da ka gani, tambayi kanka: wannan a maƙera ya faru, ko bayan kuɗin ya fita duniya? Abin da ya faru a maƙera haihuwa ce, ba a cika rage mataki saboda shi ba. Abin da ya faru daga baya lahani ne.

Idan hatimi ya danne faifan azurfa da ƙarfi, ƙarfen yana malala daga tsakiya zuwa baki, ya bar wasu siraran layuka da ido ba ya gani. Su ne suke ba sabon kuɗi sheƙin nan da ke zagayawa kamar ƙafar keke in ka juya shi a haske. Hannu da aljihu suna cinye layukan, sai wurin ya dusashe, launinsa ya bambanta da na kewayensa. To idan ka ga wuri ya baje babu zane, amma sheƙi yana bi ta kansa bai yanke ba, bugun ne bai kai ba, azurfar ba ta cika ramin hatimi ba. Idan sheƙin ya yanke, wurin ya yi toka-toka kuma ya yi sulɓi, goguwa ce.

Dalar 1794 ita ce babban misali. Injin da aka buga ta da shi, na dunƙulen ƙarfe mai murɗawa da hannu, an yi shi ne don ƙananan kuɗi, kuma hatiman biyu ba su daidaita da juna ba. Sakamakon haka mafi yawansu sun fito da rauni a ɓangaren hagu: taurari da farkon lambobin shekara sun yi dishi-dishi tun ranar da aka buge su. Wanda bai san haka ba zai rage wa kuɗin mataki biyu ko uku a banza. Wanda kuma bai san inda goguwa ke kamawa ba, mai sayarwa zai ce masa raunin bugu ne ya yarda. Shi ya sa ba a tantance tsohon kuɗi da ƙa'ida ɗaya ta gama-gari. Sai ka san halin wannan shekarar da wannan hatimin, kuma hanyar saninsa ita ce kallon hotunan 'yan uwansa da yawa, da riƙe na gaske a hannu duk lokacin da dama ta samu.

Na ga layuka a jere sun ratsa fuskar kuɗina. Karce ne?

Ba lallai ba. A maƙerar Filadalfiya ana auna kowane faifai kafin a buga shi, domin doka ta ce dala ta kai giram 26.96. Wanda ya yi nauyi sai a sa magagari a rage shi. Bugu yana shafe wasu daga layukan magagarin, wasu kuma su rage. Alamarsu ita ce suna tafiya a jere, sun fi fitowa a wurare masu tudu da kusa da baki, kuma gefensu a danne yake. Karce na daga baya yana da kaifi, yakan tayar da ƙarfe a gefensa, cikinsa kuma yakan fi kewayensa haske. Layukan magagari ba sa hana kuɗi samun mataki, sai dai in sun ratsa fuskar hoton da muni farashi yana sauka.

Akwai kishiyar wannan. A wasu dalolin 1795, faifan da bai kai nauyi ba an huda tsakiyarsa an cusa ɗan toshin azurfa kafin bugu. Da'irar toshin takan fito da wani launi dabam. Mai kallo na farko zai ɗauka gyara ne, alhali matara suna biyan ƙari a kansa.

Dirhami da dinariyus da sauran kuɗin guduma fa, da wannan ma'aunin ake auna su?

Sunayen matakan ana aronsu, amma lambobin ba su cika aiki a nan ba. Kuɗin guduma an yi shi ne da mutum ɗaya riƙe da hatimi, ya ɗora a kan faifai ya buga. Wani bugun ya kauce, rabin rubutu ya fita waje. Wani ya yi tsalle, zane ya fito biyu. Wani faifan ya tsage a baki. Saboda haka ana duba abubuwa uku dabam-dabam: goguwa, ingancin bugu, da lafiyar fuska. Sashen kamfanin tantance kuɗi na NGC mai kula da kuɗin zamanin da yana ba bugu maki daga 1 zuwa 5, fuska ma daga 1 zuwa 5, ban da matakin goguwa. Akwai na huɗu da ba ya aunuwa, wato gwanintar mai sassaƙa hatimin. Dinariyus biyu na sarki ɗaya, ɗaya hoton kamar zai yi magana, ɗaya kuma aikin almajirin maƙeri.

Dirhamin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fito da shi wajen shekara ta 79 bayan Hijira ba shi da hoto, rubutu ne zalla, nauyinsa kusan giram 2.9. A irinsa abin da ake nema shi ne rubutun da'irar waje ya karantu, domin a nan aka rubuta garin da aka buga shi da shekarar. Dirhamin da ya gogu amma gari da shekara suna nan ya fi mai sheƙin da aka datse masa su. Kuma garin yana da tasiri ƙwarai: na Wasiɗ suna da yawa, na wasu ƙananan garuruwa kuwa sai an sha wahala.

Kuɗina ya yi baƙi. In wanke shi?

Kada ka wanke shi. Ina faɗar wannan da dukan zuciyata, domin babu abin da ya hallaka tsofaffin kuɗi kamar kyakkyawar niyyar masu su. Garin neman gira ake rasa ido.

Baƙin da kake gani azurfa ce ta haɗu da sinadarin farar wuta da ke cikin iska da takarda da tufa. Yana farawa da ruwan zinariya, ya koma ja, ya koma shuɗi, a ƙarshe ya zama toka mai duhu ko baƙi. A kuɗin da ya shekara ɗari biyu wannan launi shaida ce cewa ba a taɓa shi ba, kuma gogaggun matara shi suke nema. Kuɗin da ya yi yawo, filinsa ya yi duhu, tudunsa ya yi haske, shi ne kamannin da ya dace da shekarunsa.

Man goge ƙarfe, buroshi, toka, har tsumma mai laushi, duk suna barin siraran karce da ba sa gyaruwa. Ruwan sinadarin da ake tsoma azurfa a ciki yana cire baƙin ne tare da fatar ƙarfen, kuma in aka maimaita sheƙin asali ya mutu ke nan har abada. Kuɗin da aka goge yakan rasa kaso mai yawa na ƙimarsa, wani lokaci rabi ko fiye. Na taɓa riƙe rabin dala da magajinta ya goge ta da man goge ƙarfe kwana ɗaya kafin ya kawo ta, don ta yi kyan gani. Har yau in na tuna ina jin ciwon abin.

Togiya biyu ce. Kuɗin da aka tono daga ƙasa dole a cire masa ƙasa da ɓawo, kuma kusan duk kuɗin zamanin da an taɓa tsabtace shi, amma aikin masana ne. Na biyu, koren danƙon da robar PVC ke bari yana cin ƙarfe, dole a cire shi, shi ma gara a kai wa wanda ya iya.

Ta yaya zan gane an taɓa wanke wanda ake so a sayar mini?

Karkata shi a ƙarƙashin fitila. In ka ga siraran layuka kamar gashi suna bayyana suna ɓacewa, duk sun fuskanci gefe ɗaya, an goge shi. In kuɗin ya gogu har matakin F amma fari fat yake, an tsoma shi. In fili yana ƙyalli kamar madubi amma akwai baƙi maƙale a kewayen haruffa da taurari, nan ne tsumma bai kai ba. Akwai kuma masu rina kuɗi da gangan don su rufe aibi. Launin rini yakan zauna a sama kamar fenti, ya haye tudu da kwari bai bambanta ba, launukan kuma su yi tsalle ba bisa jerin da aka sani ba.

Ashe ba wanda ya fi tsufa ne ya fi tsada ba?

Ko kusa. Rumawa sun buga dinariyus da yawan gaske tun daga wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ana ta tono su har gobe. Dirhamin Abbasiyawa da Samaniyawa ya kai har arewacin Turai ta hanyar fatauci: taskar da aka tono a Spillings, a tsibirin Gotland na Suwidin, a 1999, ta ƙunshi tsaba fiye da 14,000, kusan dukansu dirhami. Saboda haka kuɗin da ya haura shekara dubu yana iya zama mai sauƙin samu.

Dalar 1794 kuwa guda 1,758 kacal aka fitar, waɗanda suka rage ba su kai 200 ba, masu nemansu kuma ba iyaka. Mafi kyawunsu an sayar da ita a gwanjo a Janairun 2013 kan dala 10,016,875. Kwatar dala ta 1796 guda 6,146 aka buga. Rabin dala ta 1796 da 1797 a haɗe 3,918 ce. Amma adadin da aka buga somin-taɓi ne kawai, abin lura shi ne nawa suka tsira daga narkarwa, kuma nawa ne a mataki mai kyau.

Shekarar da ke jikin kuɗi ita ce shekarar da aka buga shi?

Ba koyaushe ba, kuma nan ne mutane da yawa suke shan takaici. Talar Mariya Tereza ta Ostiriya tana ɗauke da 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu, amma an ci gaba da buga ta da wannan shekarar a maƙeru dabam-dabam, ɗaruruwan miliyoyi, kuma har yanzu ana buga ta a Viyana. Nauyinta giram 28 da ɗan ɗoriya, azurfarta kashi 83.3 cikin ɗari. Mafi yawan waɗanda ke hannun mutane ƙimarsu ba ta wuce ta azurfarsu da ɗan ƙari ba. Bugun farko-farko ana gane su ne ta ƙananan alamomi a zane da rubutun baki.

Dalar Amurka mai ɗauke da 1804 ta bi wata hanyar. Ba a buga ko ɗaya a 1804 ba. An fara yin su ne a 1834 don kyautar diflomasiyya, ciki har da ta Sarkin Siyam da Sarkin Maskat. Waɗanda aka sani ba su kai ashirin ba, kuma ta Sarkin Maskat an sayar da ita dala miliyan 7.68 a 2021. Duk wanda ya nuna maka dalar 1804 a cikin tarkace, ka ɗauka jabu ce har sai an tabbatar da akasin haka.

Mene ne lambobin nau'in hatimi da nake gani a tallace-tallace?

A da ana haƙa taurari da haruffa da lambobi a jikin hatimi ɗaya bayan ɗaya da hannu, don haka kowane hatimi yana da kamanninsa. Masana sun bi diddigi sun ba kowace haɗuwar hatimin gaba da na baya lamba. Rabin dala ta 1794 zuwa 1836 ana kiranta da lambobin Overton, dala kuma da na Bolender ko na Bowers da Borckardt. Ana kuma auna ƙarancin kowane nau'i daga R-1, mai yawa, zuwa R-8, wanda ba a san fiye da uku ba. Tazarar tauraro ɗaya daga harafi tana iya raba kuɗi na gama-gari da wanda ake rububinsa. Wannan ilimi yana kuma kare ka daga jabu, domin kuɗin da bai dace da kowane hatimi sananne ba abin tuhuma ne.

Yaya zan kare kaina daga jabu?

Kama da wane ba ta wane. Fara da sikeli mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, da ma'aunin faɗi da kauri. Tsabar Atina mai mujiya tana kusa da giram 17.2, riyal takwas na Sifaniya kusa da 27, dinariyus na zamanin Augustus kusa da 3.9. Goguwa tana rage nauyi kaɗan ne, ba giram biyu ba. Azurfa ba ta bin mayen ƙarfe, wanda ya manne ka ajiye shi. Amma rashin mannewa ba hujja ba ce, jan ƙarfe da dalma ma ba sa bi. Awon nauyi a cikin ruwa ya fi faɗar gaskiya: azurfa tsantsa 10.49 take bayarwa, mai kashi 90 cikin ɗari wajen 10.3, jan ƙarfe kuma bai kai 9 ba.

Sai ka duba ko bugu ne ko zubi. Kuɗin zubi yana da ƙananan ramuka da ƙuraje kamar na kumfa, haruffansa sun yi laushi kamar sabulu, bakinsa yakan nuna layin haɗi ko alamar an goge shi. Jabun zamani mafi haɗari shi ne wanda aka buga da hatimin da aka kwafo daga kuɗi na gaske, wani lokaci da azurfa ta gaske. Irinsa ana kama shi ne in aka ga tabo iri ɗaya a wuri ɗaya a kuɗi biyu. Akwai kuma kuɗi na gaske da aka sauya masa lambar shekara, ko aka sake sassaƙa masa gashi don ya hau mataki.

Kada ka gwada da ruwan batir ko ka kankare baki. Kada kuma ka jefa tsohon kuɗi a ƙasa don jin ƙararsa, azurfar da ta daɗe a binne takan yi gautsi ta fashe kamar tangaran. Na'urar da ke karanta ƙarfe da haske tana da amfani, amma fata kawai take gani. Tun a zamanin Rum akwai jabun jan ƙarfe da aka lulluɓe da azurfa, kuma su ma yau suna da masu tara su, da sharaɗin a faɗi abin da suke.

Nauyin azurfar da ke ciki yana shiga lissafi?

Shi ne ƙasan farashi. Ninka nauyi da kason azurfa, ka raba da 31.1 don samun oza, ka ninka da farashin ranar. Dalar farko tana da azurfa tsantsa kusan giram 24. A kuɗin da ba a cika samu ba wannan lissafi ba ya ko motsa farashi.

Kamfanonin da ke rufe kuɗi a kwanson roba, a dogara da su?

ANACS ta fara a 1972, PCGS a 1986, NGC a 1987. Suna duba kuɗi, su tabbatar da sahihancinsa, su ba shi mataki, su rufe shi da lambar da za ka iya bincikawa a shafinsu na intanet. In kuɗin na gaske ne amma an wanke shi, ko an huda, ko an gyara, sai su rubuta aibin, galibi su hana shi lambar mataki. A 2007 aka kafa CAC, mai manna koren tambari a kan kwanson da ta ga kuɗin cikinsa ya cika matakinsa da kyau, kuma kasuwa tana biyan ƙari a kan wannan tambari.

Ga kuɗi mai tsada, musamman na Amurka, ina ganin wauta ce a saya ba tare da wannan shaida ba sai in kai masani ne. Amma lamba ra'ayin mutane ce, kuɗi ɗaya yana iya zuwa sau biyu ya dawo da lamba biyu. Kwanson kansa ana yin jabunsa, don haka gwada hoton da ke shafin kamfanin da abin da ke hannunka. A kuɗin zamanin da kuwa, NGC tana ba da ra'ayinta ne ba tare da lamunin sahihanci ba, kuma matara da yawa sun fi son dillalin da zai karɓi kayansa ko bayan shekaru in ya zamana jabu ne.

To a ina zan ga farashi na gaskiya?

A sakamakon gwanjon da aka riga aka kammala. Manyan gidajen gwanjo irin su Heritage da Stack's Bowers da Spink da CNG suna ajiye tarihin cinikinsu da hotuna. Nemo irin kuɗinka, shekara ɗaya, nau'i ɗaya, mataki ɗaya, na 'yan shekarun nan, aƙalla guda biyar, ka gwada fuska da fuska. Kuɗin da mai talla ya sa wa kayansa buri ne, ba ciniki ba. Littattafan farashi jagora ne, sukan kasance a bayan kasuwa.

Ka tuna da la'ada. Mai saye a gwanjo yana ƙara wajen kashi 20 cikin ɗari a kan farashin da aka buga, mai sayarwa ma ana iya cire masa nasa, dillali kuma dole ya saya ƙasa da yadda zai sayar. In za ka saya daga nesa, nemi hoton gaba da baya da baki, da damar mayarwa. Ba a cinikin biri a sama.

Huda, datsa, cin gishirin teku, tambarin 'yan kasuwa: duk lahani ne?

Huda da toshe huda da alamar maratayi suna karya farashi sosai. Datsa ma haka, ko da yake a kuɗin guduma na Ingila ta zama ruwan dare, har ta sa Sarki Henry na Uku ya tsawaita gicciyen bayan kuɗi zuwa baki a 1247 don a riƙa gane wanda aka rage. Nauyi ne zai gaya maka yawan abin da aka ɗebe.

Wasu tabban kuwa labari ne. Riyal takwas da ya bi ta kasuwannin Sin yakan dawo da ƙananan tambura da 'yan kasuwa suka buga don shaidar sun gwada azurfar. Da ana ƙyamarsu, yanzu suna da masu nemansu. Kuɗin jirgin Atocha na Sifaniya, wanda ya nutse a 1622 aka gano babbar taskarsa a 1985, gishiri ya ci fuskarsu, amma takardar shaidar cewa daga jirgin suka fito tana ɗaga su sama da 'yan uwansu masu lafiya. A irin waɗannan guntayen na maƙerun Potosi da Meziko da Lima, abin nema shi ne alamar maƙera da harafin sunan mai gwajin azurfa da shekara su fito a jiki.

Me ya sa ake damuwa da hannun da kuɗi ya fito?

Dalili biyu. Kuɗin da aka san ya zauna a tarin wani sanannen matari, ko ya fito a kundin gwanjo na shekaru hamsin da suka wuce, ya fi kwantar da hankali kuma ya fi tsada. Na biyu doka ce. Tun bayan yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ƙasashe da yawa sun tsaurara fitar da kayan tarihi, wasu ma sun ɗauki duk abin da aka tono a matsayin mallakar ƙasa. A Ingila dokar taska ta 1996 ta wajabta kai rahoton tarin kuɗin azurfar da ya haura shekara 300. Ajiye kowace rasit da tsohuwar ambulan da guntun takardar da ta zo da kuɗi.

Yaya zan adana su?

Kowane ɗaya a gidansa, kada su gogi juna. Yi amfani da kwanson roba mai tauri ko ambulan marar sinadarin asid, ka guji roba mai laushi mai wari, ita ce mai PVC. Nisanta su da danshi, da zoben roba, da ulu, da takardar jarida, da akwatin katakon da bai bushe ba. Sa ɗan ƙunshin sinadarin tsotse danshi a cikin akwatin, ka riƙa sauya shi. Kada ka yi magana a saman buɗaɗɗen kuɗi, ɗigon yawu ɗaya yana zama baƙin tabo bayan watanni. Ka ɗauki hoton kowanne gaba da baya, ka rubuta nauyinsa da inda ka samo shi da abin da ka biya, ka ajiye kwafin wannan rajista a wani wuri dabam da inda kuɗin suke, kuma ka sanar da magadanka inda take da cewa kada su goge komai.